Kun Tambaya, Mun Amsa: Makaɗan da Suka Koya wa Jita Gurnani

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga kiɗan nan mai ƙarfi da Turawa ke kira hebi metal, wanda masu sonsa ke taƙaitawa su ce metal. Mun zaɓi guda bakwai, mun ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

Assalamu alaikum. Abokina ya tura mini waƙoƙin metal sun fi ɗari a waya. Na saurara, ni dai hayaniya ɗaya na ji daga farko har ƙarshe. Shi kuwa ya rantse Black Sabbath da Metallica da Slayer ko hanya ba su haɗa ba. Ta ina zan fara har kunnena ya rarrabe? Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya yi gaskiya, amma ya yi maka ɗura. Wanda bai taɓa jin kalangu ba, in ka zuba masa kiɗan mahauta da na 'yan dambe da na biki a zama guda, shi ma hayaniya zai ce ya ji.

Abin da kunnenka zai fara nema shi ne rif. Rif ɗan gajeren zubi ne na jita, bugu huɗu zuwa goma sha shida, da ake ta maimaitawa, a gina waƙar a kansa. Ka ɗauke shi kamar take: yadda ake gane taken sarki ko na ɗan dambe tun maroƙi bai buɗe baki ba, haka ake gane waƙar metal daga rif ɗinta. A nan murya ba ita ce uwar tafiya ba. Ka daina bin mawaƙin na ɗan lokaci, ka bi jitar da ke can ƙasa tana nanata abu guda.

Sai kuma ka bi su yadda suka zo, kundi ɗaya a mako, kada ka tsallake.

Ka fara da Black Sabbath, samari huɗu daga unguwar Aston a birnin Birmingham na Ingila. Kundinsu na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairu, 1970, kuma a yini ɗaya suka naɗe shi. Mu dai mun fi so ka fara da na biyu, Paranoid, na shekarar dai, domin rif ɗinsa a fili suke, tafiyarsu a hankali, kana iya rera su da baki bayan ji biyu. A lokacin akwai sauran ƙanshin bulus, tsohon kiɗan baƙaƙen Amurka, a kiɗan nasu, kuma mai gangarsu, Bill Ward, yana da lanƙwasar masu kiɗan jaz.

Mako na biyu, Judas Priest, su ma 'yan Birmingham. Su ne suka wanke bulus ɗin nan tas, suka bar ƙarfe zalla. A lokacin jita biyu gare su, ta Glenn Tipton da ta K.K. Downing, ɗaya a kunnen dama ɗaya a na hagu, suna amsa wa juna. Ka ɗauki British Steel na 1980. Baƙar rigar fata mai ƙusoshi da ake danganta metal da ita ma, Rob Halford, mawaƙinsu, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta.

Na uku, Iron Maiden, wadda Steve Harris mai jitar bes, wato jita mai zurfin sauti, ya kafa a gabashin Landan a 1975. A nan za ka ji sukuwa, bugu mai kama da gudun doki, ka kuma ji jita biyu suna rera layi ɗaya, ɗaya na bisa ɗaya da 'yar tazara, sai sautin ya yi zaƙi. Ka haɗa da Motörhead ta Lemmy a wannan makon, musamman Overkill na 1979, inda mai ganga Phil Taylor ya riƙa dukan manyan ganguna biyu da ƙafa biyu ba tsayawa.

Na huɗu, samarin Amurka. Sun ɗauki tsarin Maiden da Priest, suka zuba masa gudun Motörhead, aka sami abin da ake kira tirash. A 1986 Metallica ta fitar da Master of Puppets, Slayer ta fitar da Reign in Blood. Ka saurare su a jere za ka ga abin da abokinka ke faɗi. Na Metallica dogayen waƙoƙi ne, wata ta wuce minti takwas, da sassa masu sanyi a tsakiya. Na Slayer waƙa goma ne cikin abin da bai cika minti talatin ba, ba wurin numfashi. Megadeth da Anthrax su suka cike huɗun da ake kira manyan tirash. Dave Mustaine ya kafa Megadeth ne bayan Metallica ta sallame shi a 1983.

In ka yi wannan wata gudan, sauran rassan za su zo maka da sauƙi, don duk daga nan suka tsiro. Kuma ka yi amfani da abin sauraro na kunne biyu. Sifikar waya tana yanke ƙasan sauti gaba ɗaya, ta haɗe jitar dama da ta hagu wuri guda. Rabin hayaniyar da ka ji daga nan take.

Me ya sa kiɗan Black Sabbath yake da nauyi da ban tsoro alhali ba su da gudu? Na ji an ce mai jitarsu ba shi da yatsu. Daga wani mai gyaran rediyo, Maraɗi.

Malam, yana da yatsu, kawunan biyu ne babu. Tony Iommi yana ɗan shekara 17 yana aiki a masana'antar ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsan tsakiya da na zobe a hannun dama. Shi bahago ne, don haka hannun daman ne ke danne tsirkiya. Ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun huluna, ya lulluɓe su da fata don kada su zame. Danne tsirkiya mai tauri na yi masa ciwo, sai ya koma siraran tsirkiya, har da na banjo da farko, daga baya kuma ya sassauta ɗaurin jitar. A kundin Master of Reality na 1971 ya sauke ta gaɓa uku, daga E zuwa C# (gaɓoɓi su ne matakan da aka raba wuyan jita da ƙarafa). Sassautacciyar tsirkiya sautinta ya fi zurfi da kauri, tana kuma ɗan lilo idan an buge ta. Geezer Butler, mai bes ɗinsu, ya sauke tasa daidai da haka, ya riƙa bin rif ɗin sawu da ƙafa maimakon ya yi nasa layin daban. Nauyin daga nan yake.

Ban tsoron kuma daga wata tazara ce tsakanin sauti biyu. In kana da jita a kusa, gwada: danna tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta uku, da ta kusa da ita a gaɓa ta biyar. Za ka ji sauti zaunanne, shi ne tubalin kusan duk rif ɗin metal. To, ja yatsa na biyun baya gaɓa ɗaya, zuwa ta huɗu. Nan take sautin zai yi tsami, kamar tambayar da aka ƙi amsawa. Waƙar da ta buɗe kundinsu na farko a kan wannan tazara aka gina ta, sauti uku kacal, ana barin kowanne ya yi ta amo har ya kusa mutuwa. Rashin gudun ma yana cikin dabarar.

Na tara kuɗi na sayi jitar lantarki da ƙaramin amfilifaya mai wat 15. Na murɗe komai zuwa ƙarshe, amma abin da ke fita kamar ƙudan zuma a gwangwani. Ga wani ƙugi da ba ya tsayawa ko ban taɓa jitar ba. An cuce ni ne a kasuwa? Daga wani matashi, Sabon Gari, Kano.

Ƙanenmu, da wuya a ce an cuce ka. Murɗe komai zuwa ƙarshen nan shi ne ciwon, kuma kusan kowane sabon hannu da shi yake farawa.

Maɓallin da aka rubuta wa Gain shi ke sa sauti ya yi gurnani. Idan ya yi yawa, yana danne bugun hannunka, kowane sauti ya narke cikin na kusa da shi, ƙaramar hayaniya kuma ta kumbura. Ka mayar da shi 5, iyaka 6. Bass a 5, Treble a 5 ko 6, Middle kuma kada ya gaza 5. Samari na son kashe Middle don su kwaikwayi Pantera ko Metallica ta 1988, kuma a ɗaki kai kaɗai abin na da daɗi. Amma muryar jita a tsakiyar nan take zaune. Ranar da ka tsaya kusa da mai ganga, bes zai cinye ƙasanka, farantan ƙarfen ganga su cinye samanka, sai a ga hannunka na motsi ba a jin komai.

Ka san kuma abin da kake ji a kundi ba jita ɗaya ba ce. Ana naɗar rif ɗin sau biyu ko huɗu, a raba dama da hagu, bes na ƙasa yana cika shi, kuma ta cikin akwati mai sifika huɗu 'yan inci 12 ya fito. Naka mai sifika ɗaya 'yar inci 6 ko 8 ba zai girgiza ƙirji ba ko ka yi ta murɗa har gobe. Ya isa koyo sarai. Ka ɗora shi kan kujera ya fuskanci kunnenka, kada ka bar shi a ƙasa yana yi wa idon sawunka waƙa. Idan hali ya samu, ƙaramin fedal irin Tube Screamer yana ɗaure sauti: Drive a sifili, Level a sama, Tone a tsakiya, a gaban amfilifayar. Yana rage ƙasan da ke sa rif ya yi laɓo-laɓo.

Sai ƙugin. Duba maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda ake kira fikof. In siriri ne mai layi ɗaya, ɗabi'arsa ce ya tsinci kukan wutar gida, wadda a ƙasashenmu take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Mai layi biyu, hambaka, an naɗe wayoyinsa biyu a saɓa wa juna don ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya. Shi ya sa kusan duk masu metal shi suke amfani da shi. In jitarka mai sirara uku ce, sa makunnin a matsayi na biyu ko na huɗu, a yawancinsu ƙugin zai ragu.

Ga gwaji mai sauƙi. Riƙe jitar ka juya a hankali inda kake tsaye. In ƙugin na ƙaruwa yana raguwa, daga ɗakin yake shigowa: cajar waya, doguwar fitila, fanka, ko inbata mai arha. Kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. In ka taɓa tsirkiya ƙugin ya ragu, wannan daidai ne. In ya ƙaru, an juya wayoyin ramin da ake cusa igiya, aikin minti biyar ne wurin mai gyaran rediyo. Igiyar kanta kada ta wuce mita 6, kuma ta zama mai garkuwa a ciki.

Abu biyu da ba wasa a cikinsu. Kada ka karya ƙafa ta uku ta filogi wai don ƙugi ya tafi; ita ce ke kai wutar da ta ɓalle ƙasa, in babu ita jikinka ne hanya, musamman in leɓenka ya taɓa makirufo hannunka na kan tsirkiya. Na biyu, in amfilifayar gwanjon Amurka ce, karanta bayanta. Idan an rubuta 110 ko 120, sai da taransifoma mai sauke wuta, don tamu 220 zuwa 240 ce. Da janareto kuwa, ka bi ta sitabilaiza.

Ina iya kaɗa rif ɗin Metallica a hankali, amma da na ƙara gudu sai hannuna ya sandare kafin minti ɗaya. Sukuwar Iron Maiden kuma sam ta ƙi zama. Daga wata ɗaliba, Jos.

'Yar'uwa, abin da kike kokawa da shi ya kayar da manya. James Hetfield na Metallica yana buga yawancin rif ɗinsa ƙasa-ƙasa ne kawai, ba ya dawowa da bugun sama, don bugun ƙasa ya fi ƙarfi kuma duk suna fita iri ɗaya. Waƙar Master of Puppets, wadda aka sa wa kundinsu na 1986 sunanta, tana gudun kusan 212 a minti, bugu biyu a kowane taku. Ki lissafa: wajen bugu bakwai a daƙiƙa guda, duk ƙasa.

Sandarewar daga gwiwar hannu take zuwa. In gudu ya ƙaru, jiki yakan ɗaure damtse ya riƙa sara da hannun gaba ɗaya. Motsin na wuyan hannu ne, ƙarami, kamar mai yarfe ruwa daga yatsu. Ki samu abin kaɗawa, 'yar robar nan da ake buga tsirkiya da ita, mai tauri, kauri milimita 0.88 zuwa 1.14, mai laushi yana lanƙwashewa ya makara. Ki bar milimita biyu ko uku kawai su leƙo daga yatsunki, ki ɗan karkata shi don ya zame ta kan tsirkiya maimakon ya maƙale. Gefen tafinki ya kwanta daidai inda tsirkiya ta hau gada, ƙarfen da ke riƙe ta a jikin jitar. In kin matso gaba da yawa sautin zai mutu ya zama ƙwas-ƙwas, in kin yi baya zai saki. Tsakanin nan, wurin bai fi faɗin yatsa ba, a nan gurnanin yake.

Ki sauke manhajar metronom, mai ƙidaya taku, a waya. Fara a 100, tsirkiya ɗaya, minti biyu ba kuskure. In ya fita tsaf, ƙara 4. In kafaɗa ta fara ɗagawa ko haƙora sun cije, koma baya da 10. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Gajiya ba komai, amma zafi mai suka a wuyan hannu ko dindiris a yatsu na nufin a ajiye jita kwana biyu.

Sukuwa kuwa, ki tuna dawakai ranar hawan sallah: dogo ɗaya, gajeru biyu, dam-da-da, dam-da-da. Hannu zai yi ƙasa, sannan ƙasa-sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daidaita ukun su zama tsawo ɗaya, sai dokin ya koma tafiyar raƙumi. Na farkon tsawonsa daidai yake da biyun a haɗe. Ki faɗe shi da baki tare da metronom kafin ki taɓa jita. Steve Harris da yatsu biyu yake yin ta a bes, ba abin kaɗawa.

Ina so in sauke ɗaurin jitata kamar na Sabbath, amma da na sauke sai tsirkiya ta riƙa karkarwa, sauti ya ƙi daidaita. Daga wani mai karatu, Kumasi.

Tsirkiyarka ta yi siriri. A ɗaurin E, saiti mai lamba 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46 ya isa. In za ka sauka D, nemi 10 zuwa 52. C# ko C, 11 zuwa 54 ko 12 zuwa 56. Iommi ya zauna da sirara ne saboda yatsunsa, hannunsa kuma ba nauyi. Kai da ke sara da ƙarfi, kowane bugu zai sa sautin ya haura kafin ya dawo.

Bayan canji, duba abu uku. Ramukan da ke kan wuyan jita, inda tsirkiya ke kwanciya, wataƙila sun yi wa masu kauri kaɗan. In kana jin "ƙis" lokacin ɗauri, sai an ɗan faɗaɗa su, a goga bakin fensir a ciki. Sannan danna gaɓa ta farko da ta ƙarshe tare, ka dubi gaɓa ta bakwai: ratar ta zama kamar kaurin katin gayyata. In babu rata ko ta yi yawa, a juya ƙarfen cikin wuya rubu'in zagaye kawai, a jira kwana guda. Na uku, sautin gaɓa ta 12 ya yi daidai da na sakakkiyar tsirkiya. In ya haura, ja sirdin gada baya. In gadarka mai lilo ce irin Floyd Rose, sai an daidaita sifirin ɗin baya ma, kuma gara ka kai wa wanda ya saba.

Masu karatu na arewa su ƙara da wannan: hunturu na tsotse katakon wuya har bakin ƙarafan gaɓa su fito suna yankar hannu. A ajiye jita cikin jakarta da ɗan soso mai laima a cikin robar da aka huda, kada ya taɓa katako.

Ɗana ɗan shekara 16 ya liƙa hotunan ƙwarangwal a ɗaki, kullum abu a kunne, yana ɗaga yatsu biyu kamar ƙaho. Maƙwabciyata ta ce kiɗan masu bautar shaiɗan ne. Ku gaya mini gaskiya. Daga wata uwa, Kaduna.

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Hukuncin kiɗa a addini na malamai ne, gare su za ki kai wannan ɓangaren. Mu abin da ke cikin waƙoƙin za mu faɗa miki, mai daɗi da marar daɗi.

Mafi yawan manyan rukunan nan, tsoratarwarsu irin ta fim ɗin dodanni ce, ado ne na kasuwa. Geezer Butler, wanda ya rubuta yawancin baitocin Sabbath na farko, a gidan Katolika ya tashi, kuma sanannun waƙoƙinsu sun haɗa da la'antar masu haddasa yaƙi da gargaɗi kan ƙwaya. Iron Maiden tarihi da littattafai suka fi waƙewa. The Trooper ta 1983 a kan wani farmakin sojan doki ne na Ingila a yaƙin Kirimiya, 1854. Metallica na da waƙa a kan annobar da ta sauka wa mutanen Fir'auna, Master of Puppets kuma a kan yadda ƙwaya ke mayar da mutum bawa take. Alamar yatsun nan Ronnie James Dio ne ya yaɗa ta bayan ya maye gurbin mawaƙi Ozzy Osbourne a Sabbath a 1979, kuma ya ce wurin kakarsa 'yar Italiya ya gani, tana yin ta don kore kambun baka. Camfi ne nasu na can.

Amma maƙwabciyarki ba daga iska ta ɗauko zancen ba. Akwai reshen da ake kira baƙin metal, wanda a Norway, farkon shekarun 1990, wasu 'yan cikinsa suka ƙona coci-coci, har da tsohuwar cocin katako ta Fantoft a 1992, ɗayansu kuma ya kashe abokin kiɗansa a 1993 aka yanke masa shekara 21. Akwai rukunan da zagin addini ne sana'arsu a fili, akwai masu baitocin kisa da ƙazanta da ba su dace da yaro ba, akwai 'yan tsirarun masu wariyar launin fata. Slayer ma, da muka ambata a sama, baitocinta ba na ɗan shekara 16 ba ne a ganinmu.

Don haka sunan rukunin shi ne abin tambaya. Ki ce ya rubuta miki guda biyar da ya fi so, ki sa wani babba mai jin Turanci ya nemo baitocin a intanet ku karanta tare da yaron. A nan za ki san inda ya dosa. Ki kuma lura da sallarsa, karatunsa, barcinsa da abokansa, sun fi hoton bango faɗin gaskiya. Wataƙila zai ba ki mamaki ki ji cewa a Garut ta Indunusiya akwai 'yan mata uku masu hijabi, Voice of Baceprot, da suka fara metal tun suna makarantar Islamiyya, har suka hau dandalin Glastonbury na Ingila a 2024.

Abin da muka fi jiye masa ma kunnensa ne. Ƙara mai ƙarfin desibel 85 kunne na jure ta awa takwas. Duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a 100 minti goma sha biyar ne kacal. In kina jin kiɗan daga abin kunnensa kina tsaye a bakin ƙofa, ya yi yawa. Kada ya wuce kashi 60 na ƙarfin waya, ya huta bayan kowace awa. In ya cire ya ji kunne na ƙara "ziii", ɓarna ta fara, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Lars Ulrich, mai gangar Metallica, ya sha faɗin cewa da wannan ƙarar yake rayuwa.

Akwai masu yin metal a Afirka kuwa? Kuma Mdou Moctar na Nijar metal yake yi? Ina tunanin haɗa goge da kalangu da jita. Daga wani makaɗi, Damagaram.

Akwai su, maigida. Botswana ce ta fi suna, da rukunai irin su Wrust, Skinflint da Overthrust ta garin Ghanzi, masoyansu na sa baƙar fata da malafar makiyayan Amurka. A Lome ta Togo akwai Arka'n Asrafokor, masu zuba gangunan Ewe da harshensu a ciki. Tunusiya na da Myrath. A Maroko, a 2003, an gurfanar da matasa 14 masu wannan kiɗa a Kasabalanka aka ɗaure su, jama'a suka yi ca, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mafi yawansu.

Mdou Moctar ba metal yake yi ba, ko da yake masu metal da yawa na sonsa, kuma shi ma bahago ne kamar Iommi, wanda jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Jitarsa na ihu, amma ba ya danne tsirkiya da tafi, da yatsu yake kaɗawa, kuma gangarsa na juyawa ne irin na Abzinawa, ba ta sara a miƙe.

Wanda ya kamata ka yi nazari shi ne kundin Roots na Sepultura, 'yan Belo Horizonte ta Brazil, 1996. Sun je har ƙauyen ƙabilar Xavante sun yi naɗi da su, suka kuma sauƙaƙa rif ɗinsu, suka rage gudu, don gangunan gida su sami wurin magana. Darasin ke nan a aikace. Kalangu da jita mai gurnani a tsakiyar sauti ɗaya suke zaune, in suka yi magana tare ba a jin ko ɗaya. Ka bar rami a rif ɗin: jita ta yi taku biyu ta yi shiru, kalangu ya amsa. Ka ɗaure jita ta bi goge, kada ka tilasta wa mai goge bin na'urar ɗauri, don sautukansa ba lallai su faɗa daidai kan gaɓoɓin jita ba. Ka tsaya kan tubalin nan mai sauti biyu da muka kwatanta wa mai gyaran rediyo, shi ba ya faɗa da zubin sauti biyar na kiɗanmu. Cikakken haɗi mai sauti uku ko huɗu shi ke karo da goge. Wajen naɗi, ka fara ɗaukar kalangu da goge su kaɗai a ɗaki, makirufo kamar taƙi ɗaya daga fatar, sannan a ɗora jita daga baya ta abin kunne, in ba haka ba amfilifaya za ta malale cikin makirufon gogen har ba yadda za a raba su.